Sawun da Ya Mutu a Bakin Tukuba

A shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji, damina na shirin faɗuwa, Dela ta fito da ƙwaryar dusa da sassafe ta tarar da turke babu sa. Igiyar tana nan a ƙasa. Ba yanka ta aka yi ba, warware ta aka yi, a tsanake, kamar mai gida ne ya zo ɗaukar abinsa. Ta yi salati ta saki ƙwarya. Kafin hantsi ya dubi ludayi, duk ƙauyen ya ji an sace Jatau.

Jatau jan sa ne na huɗa, shi kaɗai ya rage mai numfashi cikin abin da mijinta ya mutu ya bar mata. Don haka magana ta kai gaban Hakimi a Kazaure, Hakimi ya turo dogari, dogari ya biya ya ɗauko Baba Kura.

Baba Kura tsohon Babarbare ne, dogo, ramamme, haƙoransa sun fi yawa a ƙasa bisa ga na bakinsa. Daga Roni har Gwiwa, in dabba ta ɓata shi ake kira ya bi sawu. Dokar kuwa tsohuwa ce, kowa ya san ta: inda sawu ya mutu, nan ɓarawo yake. In ya mutu a ƙofarka, ko ka tashe shi, wato ka nuna inda ya fita, ko ka amsa laifi. Mutane suna cewa sawu ba ya ƙarya. Baba Kura bai taɓa musa musu ba, tunda da wannan magana yake cin tuwo. Amma shi ya san ƙasa ba ta da wayo, abin da aka taka mata shi take nunawa.

"To, Bafillatana," in ji shi da ya shigo, "yau ke ce ba ko kofato a gida? Ashe zan ga wannan rana."

"Babarbare, in wasa ya kawo ka, juya. Nemo mini Jatau in 'yanta ka."

"Kakanki ma bai iya ba."

Ya tsuguna bakin turke ya daɗe. Can gefe wani mutum yana zaune a kan turmi, ya haɗa kai da gwiwa, idanunsa jawur. Falalu ke nan, ɗan wan mijin Dela, wanda ya yi kiwon Jatau tun yana ɗan maraƙi. Yanzu yana aiki a ƙaramin filin jirgin da kamfanin masu hanya ya share a bayan gari, shi ke korar dabbobi da jar tuta in jirgi zai sauka.

Baba Kura ya ja Dela bayan rumbu. "Wa ke kwance san nan bai yi kuka ba?"

"Ni da Falalu. Kada ma ka fara. Bara waccan da uwar Jatau ta faɗa ramin masu hanya aka yanka ta, ko romon bai kurɓa ba. Ya ƙaurace wa tukunyar gidan nan sai da na wanke ta da toka a gabansa. Ya ce shi ba ya cin abin da ya raɗa wa suna. Wannan ne zai saci Jatau?"

"Ni ban ce ba. Ara mini shi dai ya raka ni, shi ya san kofaton."

*

Sawun ya bi ta bayan gonaki, bai ɓoye kansa ba. Ga kofato, ga takalmin taya a gefensa na hagu. Takalmin bai gaya wa Baba Kura komai ba, domin a shekarun nan in za a kama masu takalmin taya sai dai a ɗaure lardin gaba ɗaya. Abin da ya tsaya masa shi ne tafiyar san. Bai tirje ba ko sau ɗaya, bai waiwaya ba, har ya tsaya ya tsinki ciyawa a gindin wata kuka, mutumin kuma ya jira shi. Ɓarawo mai jiran sa ya gama kiwo! Tsoho ya ajiye wannan a ransa.

Jama'a na biye da su kamar masu rakiyar amarya. Suka zagaya wayar filin jirgi, suka shiga ta ƙofar da ke buɗe, sawu ya miƙe sak har gaban Sauka Lafiya.

Sauka Lafiya mashaya ce, rumfar kwano da firji mai kananzir, inda direbobin jirgi da akawuna da 'yan kwangila ke zama suna kashe kuɗin da ba su saba riƙewa ba. A bakinta Haladu mai tsire ya yi tukubarsa, tudun ƙasar nan da ake kafa tsinkaye a kewaye wuta. Nan, taku kaɗan daga tokar Haladu, kofaton Jatau na ƙarshe ya zauna raɗau. Gaba da nan titin jirgi ne, jar ƙasa da aka daɓe ta yi tauri kamar dutse, kuma jirgin safe ya riga ya tashi, iskar farfelarsa ta share ɗan abin da ya rage. Hayin titin kuwa fa ne, wato shimfiɗaɗɗen dutse, har gindin duwatsu.

Sai kowa ya dubi tiren Haladu. Naman sa ne jibge, ja, sabo.

"La ilaha illallahu!" in ji wata mata. "Ga Jatau nan a tsinke!"

Haladu ya miƙe da wuƙa a hannu, ya tuna, ya ajiye ta. "Wallahi cinya ce na sayo jiya a Gwiwa."

"A hannun wa?" in ji dogari.

"Wani baƙon mahauci. Ban san sunansa ba."

Aka yi dariya irin wadda ba ta da daɗi. Dogari ya gyara rawani ya ce, "Baba, Hakimi ya ce kada rana ta faɗi bai ji suna ba. Ga sawu ya mutu. Me ya rage?"

Baba Kura ya dubi Haladu. Ya san abin da suna ɗaya daga bakinsa zai yi. Gidan yari kaɗan ne daga ciki. Sarkin Fawa zai karɓe wuƙarsa, kuma mahaucin da aka kama da naman sata, ko ya fito, ko karen gari ba ya sake tsayawa a tukubarsa. Mutum mai 'ya'ya, ga tsohuwa makauniya a ɗaki.

"Rana tana da sauran tafiya," in ji tsoho.

*

Ya fara da mai makullin ƙofa, Malam Muhammadu Lawal, akawun filin jirgi, mai farar taguwa da biro jere a aljihu.

"Malam, ƙofar nan da kanta take buɗewa?"

"Baba, wannan sha'anin gwamnati ne."

"To, bari in gaya wa dogari ya tambaye ka da harshen gwamnati."

Akawu ya yi gumi. Da ƙyar ya amsa cewa yakan bar ƙofa a buɗe don masu yankan ciyawar filin, su kuma suna ɗan ganin girmansa. Kowa a wurin ya sani, in ji shi, daga mai shara har mai tuta. Sa kuwa bai gani ba.

Sai Maikasuwa, ɗan fatauci mai ƙaton ciki, wanda aka ce motarsa ta bar bayan mashaya da asuba ta nufi Babura a rufe da tamfol. Wannan ya sa rabin jama'a sun sauya ra'ayi, suka ce ai sa a mota ya tafi, shi ya sa sawu ya ɓace. Baba Kura ya je ya duba inda motar ta kwana. Babu kofato, babu kashi, babu inda aka jingina katakon hawa. Sai zoben gindin durom-durom a ƙasa, da warin fetur.

"Alhaji, shanun naka a durom suke tafiya?"

Maikasuwa ya sassauta murya. "Baba, don girman Allah. Can hayin iyaka ana neman mai, suna biya da sefa. Ni ban san wani Jatau ba."

"Ni sa aka ce in nemo. Je ka."

Duk inda ya sa ƙafa, Falalu na bayansa. Suka tsallaka titin jirgi, suka hau fa, suka zagaya gindin duwatsu cikin rana mai narka ƙwaƙwalwa, suka dawo ba su ga komai ba. Da azahar Dela ta aiko musu da fura. Baba Kura ya karɓa, ya yi tuntuɓe, ƙwarya ta kife a ƙasa.

"Ka ga furar Fulani," in ji shi. "Ko ita ba ta son shiga cikin Babarbare. Yi haƙuri, ɗana."

Falalu ya haɗiye yawu. Tun jiya rabonsa da abinci.

*

Da suka dawo suka tarar magana ta ƙara nauyi. Wata maƙwabciyar Dela ta rantse ta ga Haladu ranar Juma'a a bakin turke, yana matsa tozon Jatau yana duba haƙoransa. Haladu ya ce bai je ba. Aka kawo mutum na biyu da ya gan shi. Sai ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da fifita wutar da tun safe ba wanda ya sayi ko tsinke ɗaya a kanta.

Dela tana tsaye can gindin wata maina a bayan waya, don ba ta shiga inda ake shan giya. Baba Kura ya same ta.

"Me ya kai mahauci turkenki?"

Ta ja mayafi. "Ni na kira shi."

"Af."

"An ce gwamnati za ta kawo tarakta haya. Ɗakina yana yoyo. Na ce in sayar in yi rufin kwano in huta. Ya taya, na ce albarka, muka rabu a kan zai ƙaro. Na sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, don kada Falalu ya ji ya tayar mini da hankali. To ka gani, da na hana shi a araha, ya zo ya ɗauka a banza."

"Wa ya ji cinikin?"

"Ba kowa. Sai kaji."

"Gidan naki dangar kara ce fa, Bafillatana, ba siminti ba."

Ya bar ta nan tana harararsa. Yanzu yana da zato, amma zato ba ya tashin sawu. In ya faɗi suna ba hujja, za a ce tsoho ya ruɗe, ko mahauci ya cika masa baki da kitse.

*

Da la'asar sakaliya tsoho ya sa dogari ya tara su a rumfar Sauka Lafiya: akawu, Maikasuwa, Haladu, da shi Falalu a madadin mai sa. Jama'a suka yi dafifi a bakin waya. Akawu ya riga ya karɓi kwalbarsa mai sanyi, wai don ya kwantar da zuciya.

Baba Kura ya zauna a benci, ya ja Falalu kusa da shi, ya miƙe ƙafafu.

"Ni ba na kiran sunan ɓarawo da yunwa. Haladu, gasa mana. Ka sa ƙuli da yawa, ka yanka albasa."

Haladu ya dube shi kamar bai ji ba, sannan ya shafa wa tsinkaye man gyaɗa, ya barbaɗa ƙuli da yaji, ya kafa su a tukuba. Kitse ya fara ɗiga a wuta. Ƙanshi ya tashi ya bi iska har bakin waya, inda masu tsine wa naman suka shiga haɗiyar yawu a ɓoye.

Aka kawo a faranti. Tsoho ya yi bisimilla, ya zare yanka ɗaya ya kai dasashi yana mamula. Wani daga waje ya ce, "Subhanallahi, tsoho ya ci!"

"Malam akawu, bisimilla."

Muhammadu Lawal ya ja baya, ya rungume kwalbarsa. "A'a, Baba. Ni ba na sa haram a cikina."

"Madalla da tsoron Allah. Alhaji?"

"Azumi nake," in ji Maikasuwa, goro cike da kumatu.

"Allah ya karɓa. Dogari?"

"Ina bakin aiki."

"To, ku kuka sani." Ya ajiye farantin a kan benci tsakaninsa da Falalu, bai ko dube shi ba, ya juya kan Haladu da murya mai kaushi wadda ba a san shi da ita ba. Ina ƙirgin? Ina kai da ƙafafu? Wa ya taya ka fiɗa? Me ya sa ka yi ƙarya ka ce ba ka je turke ba? Haladu yana rantsuwa, hawaye da hayaƙi sun haɗu a idonsa, yana cewa shi amana aka ba shi, ba zai ci ba ko za a ɗaure shi. Jama'a suna ihu a faɗi suna.

Ana cikin haka jirgin yamma ya kunno kai. Ba wanda ya tuna da jar tuta. Duk ido ya koma sama, kamar yadda yake komawa kullum ko da an ga jirgin sau dubu. Ya sauko ya taɓa ƙasa, ya yi tsalle, ya gangaro yana rugugi, iskarsa ta kaɗa kwanon rumfa, kowa ya kare fuska. Da farfela ta tsaya, kunnuwa suka buɗe, Baba Kura ya juyo a hankali.

Akwai tsinke a hannun Falalu, fes, ba ko ƙuli. Wani tsinken yana ƙasa kusa da ƙafarsa. Bakinsa yana motsi.

"Da daɗi, ɗana?"

"Da daɗi, Baba."

"Wane wuri ne na Jatau ka samu? Tozo ko cinya?"

Bakin ya tsaya. Falalu ya dubi tsinken, ya dubi tsoho. Daga can gindin maina aka ji muryar Dela, siririya: "Inna lillahi. Falalu!"

Baba Kura ya miƙe, ya ɗaga murya yadda na bakin waya za su ji. "Duk garin nan ya yarda wannan naman Jatau ne, har mai kwalba ya ƙi shi. Ga mutumin da ya ƙaurace wa tukunya saboda romon uwar Jatau, ya ci tsinke biyu bai ko yamutsa fuska ba. Ni ban san naman wa na ci ba, Allah ya yafe mini. Shi ya sani. Mutum biyu kaɗai ke da tabbacin ba Jatau ba ne a farantin nan: wanda ya sayo cinyar, da wanda ya san inda Jatau yake tsaye yana tuƙa." Ya sauke murya. "Yana ina?"

Da Falalu ya buɗe baki, ba tsoho ya kalla ba, wajen maina ya kalla.

"Na ji ku ta danga, Inna. Yana matsa masa tozo kamar ya riga ya mutu. Ni na ba shi nono da yatsa da uwarsa ta ƙi shi. Kwano! A kan kwano!" Ya share hanci da bayan hannu. "Yana tsohon ramin masu fasa dutse, bayan fa. Na bar masa harawa da ruwa."

"Ta titin jirgi ka bi don sawu ya ɓace, wannan na gane. Ƙofar tana can, fa yana can. Me ya kawo ka ta tukuba?"

Falalu ya ce, "Na tuna hannunsa a kan tozon."

Haladu ya zagayo daga bayan wuta. Dogari ya tare shi, amma ba duka ya zo yi ba. Ya tsaya gaban Falalu.

"Kai ka ji tausayin sa. Ni fa? Tun safe kana zaune kana kallo ana ce mini ɓarawo. Da tsohon nan ya faɗi sunana, da ka bar ni na tafi?"

Falalu ya sunkuyar da kai, kowa kuwa ya gane amsar.

*

Rana ba ta kai ga faɗuwa ba aka fito da Jatau. Ya tsallako titin jirgi yana tafiyarsa ta ƙasaita, Falalu a gefensa na hagu, ba igiya, dogari na biye da su duka biyu zuwa gaban Hakimi. Da suka zo daidai tukuba, san ya tsaya ya shinshina toka, ya wuce.

Dela ta matso bakin waya, ba ta iya haɗa ido da Haladu. "Ka yafe ni. Na sake ka daga rantsuwa. In har yanzu kana so..."

"Ko kyauta," in ji Haladu. "San da aka ce na yanka ban yanka ba? In na sa masa wuƙa gobe, a ce dama."

Kafin ya rufe baki an yi layi a tukubarsa. Akawu ne a gaba, yana cewa shi tun farko jikinsa bai ba shi ba. Maikasuwa ya sha ruwa rana tana sama, ya sayi na mutum uku. Matar da ta ga Jatau a tsinke ta aiko a ba ta mai kitse-kitse. Haladu yana naɗe musu a takardar siminti.

Dogari ya waiwayo ya ce, "Baba, to ashe sawu yana ƙarya?"

"Wa ya faɗa maka? Rufe bakinka, kada ka kashe mini sana'a."

Falalu ya rasa jar tutarsa, ya sha faɗan Hakimi da tara, ya koma gona. Tarakta ba ta zo ba, bana ko baɗi. Da Jatau aka yi huɗar shekarar nan da ta bayanta, ɗakin Dela ya ci gaba da yoyo. Kamfani ya gama hanya ya kwashe jirginsa, ciyawa ta cinye titin, Sauka Lafiya ta zama turken awaki. Haladu ya mayar da tukubarsa bakin tasha, ya aurar da 'ya'yansa da wannan wuƙar da aka so karɓewa.

Sai dai har Baba Kura ya kwanta dama, abu ɗaya bai daina ci masa rai ba. In yana zaune a tasha yana mamular tsirensa, yakan ji baƙo ya tambayi naman wa ya fi daɗi a garin. Sai wani, wanda a gabansa aka fito da san nan da ransa, ya nuna da baki ya ce, "Na Haladu. Amma fa ka san shi ne aka taɓa yin maganar naman sata da shi."